Shekarun Ishaku Bakwai

Ni sana'ata buga wa mutane takardu. Shagona yana bakin hanyar da ke zuwa kasuwar Diffa, ɗaki ɗaya ne da ordinater biyu, wato kwamfuta, sai injin bugawa da ke yin fushi duk ranar da zafi ya yi yawa. A nan ake kawo mini takardar neman fili, da ta neman aiki, da CV, wato takardar da mutum ke jera karatunsa da ayyukan da ya taɓa yi. Na daɗe a kan kujerar nan har na gane cewa mutum a takarda ya fi mutum a tsaye kyau. Na taɓa mayar da mai tallan ruwan leda babban jami'in kasuwanci, na mayar da wanda ya yi wata biyu yana gyangyaɗi a ƙofar kanti ƙwararre a harkar tsaro. Ban taɓa jin komai a raina ba, dariya ma nake yi in sun fita. Takarda ɗaya ce ta hana ni sakewa, kuma ita ta sa ni wannan rubutu. Sunana Mansura, kuma ba labarin kirki zan bayar a kaina ba.

Yaya Ishaku ɗan ƙanen babanmu ne. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, a gidanmu ya tashi, kwano ɗaya muke ci da shi har na fara wayo ban san ba ciki ɗaya muka fito ba. Shekara bakwai ya yi yana tuƙa motar kantin babanmu, Alhaji Tahiru, yana kai kaya ƙauyukan bakin kogin Kumadugu, ya ɗauko tattasai ya dawo. A lokacin da hukuma ta hana kai takin zamani bakin ruwa sai da takardar izini, aka kama shi da buhu ashirin a hanyar Gagamari. Takin na Baba ne, kuma Baba ne ya tsaya aka ɗora. Amma Baba ya same shi a wurin jandarma ya ce masa ya ce shi ya ari motar ya ɗauko kayan don kansa, wai in sunan Alhaji ya shiga maganar za a rufe kanti, gida duka ya shiga uku. Aka ce masa wata uku ne ya fito. Shekara biyu da wata huɗu ya yi a gidan kaso.

Duk Diffa ta san inda Ishaku ya je, amma a gidanmu Aljeriya ya je. Ranar da ya fito, Inna ta aika kasuwa aka sayo dabino, ta ƙulla a ledoji ta raba wa maƙwabta, wai tsarabarsa ce. Maƙwabta kuwa suka karɓa suka yi godiya, har wata ta ce dabinon can ya fi na nan zaƙi. Shi yana zaune a zaure yana jin su, kansa a ƙasa.

Aka ba shi shagon da ke jikin zaure, inda a da ake ajiye buhunan gawayi. Matarsa Yakaka ta riga ta koma gidansu a Gagamari da ƴarsu, kuma mahaifinta ya ce ba ya riƙe ta da mugunta, ranar da Ishaku ya samu aikin da zai riƙe iyali ya zo ya ɗauki matarsa. Kowa ya zaci Baba zai mayar da shi kanti. Baba ya ce a'a, a ɗan jira ido ya kau tukuna, jandarmomi suna yawan zuwa sayayya, bai kamata su riƙa ganinsa a bayan kanta ba. Idon nan har yau bai kau ba.

Sai ya shiga neman aiki. Duk wanda ya taɓa haɗa dosiye, wato takardun neman aiki, a ƙasar nan ya san ba a karɓarsa sai da kaziye, takardar kotu mai nuna ko an taɓa ɗaure mutum. Ta mai tsabta fili ce fetal, sai tambari a ƙasa. Ta Ishaku layi uku ne a tsakiya. Kuma takardar wata uku kawai take yi ta mutu, don haka duk bayan wata uku sai ya koma ya shiga layi, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa a gaban mutane, a sake miƙo masa layukan nan uku sababbi fil.

Ranar da ya fara zuwa shagona in buga masa CV, sai da ya tsaya a ƙofa ya yi sallama kamar baƙo. Na ce ya shigo mana. Ya zauna a gefen benci, ya riƙa faɗi ina bugawa: firamare, kolej aji uku, permi na tuƙa mota, sai shekara bakwai na tuƙi. Da muka zo nan sai bakinsa ya buɗe. Ya lissafa mini hanyoyi ɗaya bayan ɗaya, wadda ke cin mota da damina, wadda sai an rage iskar taya kafin a shiga yashinta, ƙauyen da in ka isa da azahar ba za ka samu mai taya ka sauke kaya ba. Ya ce yana jin Barbarci da ɗan Fulatanci, yana gyara ƙananan matsalolin inji da kansa. Shafi ya cika ba tare da na ƙara masa gishiri ko kaɗan ba, abin da ban saba gani ba.

Sai muka zo kan ramin shekara biyu.

“Yaya, mu sa kasuwanci a Tamanrasset ta Aljeriya,” na ce. “Kowa haka yake yi.”

“Dabino na sayar a can ko me?” Ya ɗan yi murmushi. “Ki bar shi yadda yake, Mansura. Kaziye na manne a baya. In na yi ƙarya a gaba, wa zan ruɗa?”

Ya kai dosiye wurare da ban iya tuna yawansu. Wani ɗakin ajiyar magani yana neman mai gadi, suka ce mai gadi ai shi ake ba makulli. Wata makaranta mai zaman kanta tana neman mai ɗauko yara, darakta ya yaba da tuƙinsa, ya juya shafi na ƙarshe, ya ce za su kira. Wani ɗan kwangila ya ce zai ɗauke shi amma ba da suna ba, ba da takarda ba, ranar da ya ga dama ya sallame shi. Ya yi sati uku a can aka sallame shi don an rasa jarkar mai, wadda aka gano daga baya a bayan gida. Riga ɗaya fara gare shi ta zuwa buro, wato ofis. Ya wanke ta da yamma, ya goge ta da dutsen gawayi da safe, har wuyanta ya fara zare. Ranakun da babu inda zai kai takarda sai ya tafi kasuwar tattasai yana ɗora buhuna, ya dawo idanu jajur yana atishawa.

A gida babu wanda ya taɓa zaginsa, wannan kam zan shaida. Mu ba ma zagi, muna da tarbiyya. Sai dai in ya shigo tsakar gida Inna takan miƙa hannu a hankali ta cire makullan ɗaki daga jikin ƙusa ta sa a lalitarta. Ban san ko ta san tana yi ba. Shi dai ya gani, domin daga baya ya daina wuce zaure, sai a miƙa masa kwano a can. Ranar sunan ɗan yayarmu, da baƙi suka zo daga Damagaram, aka aike shi Maine karɓo saƙon da ko a waya za a iya faɗa. Inna in an taɓa maganar sai ta ce su ma ai sun sha wahala, shekara biyu tana dafa abinci ana kai masa kaso, ko ɗan cikinta iyakar abin da za ta yi masa ke nan. Ni kuwa ina jin haushin abin a raina, ina taka rawar mai tausayi, ina ajiye masa naman miyata. A lokacin gani nake na fi su.

Wata Litinin da hantsi ya shigo shagon ba sallama, yana haki, ya miƙo mini wayarsa. Hoton sanarwa ne da ya ɗauka a jikin bangon wani proje, irin masu kai agaji wa ƴan gudun hijira. Direba ɗaya suke nema, wanda ya san hanyoyin bakin ruwa daga Assaga har Yebi, mai shekara biyar a tuƙi ko fiye, da takardar shaida daga inda ya yi aiki. A ƙasa da ƙananan haruffa aka rubuta cewa wanda ya taɓa zaman kaso a kan laifin da ba na jini ba yana iya nema, in dai ya bayyana da kansa. Ranar Juma'a ake rufe karɓar dosiye.

Ya sa ni na karanta masa layin ƙarshen nan sau biyu, ko da yake ya iya karatu. Tun fitowarsa ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce komai yana da shi, takardar shaidar aiki kawai ta rage, layi huɗu ne da sa hannun Baba da tambarin kanti. Na buga masa ita nan take, na bar gurbin sa hannu.

Ran Litinin Baba ya ce tambari yana kanti, shi kuma ya riga ya dawo gida. Ran Talata ya ce a bari ya yi tunani. Ran Laraba bayan la'asar ina cikin gida ina jin su a zaure, domin labulen buhu ne kawai tsakaninmu. Baba ya yi magana a hankali, da muryar nan tasa ta nasiha. Ya ce shi a gaban alƙali ya faɗi cewa Ishaku ba ma'aikacinsa ba ne, aron mota yake yi jefi-jefi. Yanzu in ya sa hannu cewa direbansa ne na shekara bakwai, ai ya rubuta da hannunsa abin da aka sha wahala aka rufe. Ishaku ya ce to a tsaya a shekara biyar, a bar ta kamun. Baba ya ce takarda ba ta da amana, yau tana buro gobe tana kotu. Ya ce masa ya yi haƙuri, abinci na Allah ne, kuma shi bai manta da alherin da ya yi wa gidan nan ba.

“Ban zo tuna miki ba... tuna maka ba, Baba,” Ishaku ya ce, harshensa na sarƙewa. “Aikin da na yi kawai nake so a ce na yi.”

Baba ya ce an kusa kiran magariba.

Washegari da sassafe ya zo shagona ya ce zai kai dosiyen haka nan ba shaida, amma akwai gurbin da ake sa lambar wanda za a kira a tambaya. Ya ce ko zan yarda ya sa tawa, tun da ni ƴar mai kantin ce. Ni kuwa na cika baki. Na ce ya sa, duk wanda ya kira zan gaya masa har launin motar da inda ta lotsa. Ya yi dariya, ya ce zai dawo da azahar ya karɓi kofe mai tsabta.

Bai fi awa ɗaya da fita ba sai ga Baba, ƙanena Ammar na biye da shi. Ammar shekararsa talatin, kuma babban aikin da ya taɓa riƙewa a duniya shi ne butar shayi a fadarsu ta hirar samari. Permi kam yana da shi tun yana ɗan sha tara, ya tsufa a aljihu, iyakar tuƙinsa daga gida zuwa filin ƙwallo. Baba ya zauna, ya ciro tambarin kanti daga aljihun babbar riga ya ajiye a kan tebur, tambarin nan da kwana uku aka kasa samu. Ya ce in buga takardar shaida cewa Ammar Tahiru ya tuƙa motar kantinsa shekara bakwai, in kuma haɗa masa CV.

Na ce, “Baba, aikin da Yaya Ishaku yake nema ne fa.”

Ya ce ya sani. Ya ce in yi tunani irin na manya: waɗannan mutane rubutawa kawai suke yi don a ce suna da tausayi, babu proje da zai miƙa wa ɗan kaso makullin mota sabuwa. Ishaku ko ya kai ba zai samu ba. To da a bar aikin ya tafi gidan wani, ba gara ya shigo gidanmu ba? In Ammar ya samu ai Ishaku ma zai ci. Ammar yana tsaye yana latsa waya, ya ce shi wallahi bai ma damu da aikin ba, Baba ne ya matsa, kuma takarda ce kawai, ba wani abu aka ƙwace wa mutum a hannu ba.

Ina so in ce na yi gardama. Ban yi ba. Na yi ƴar ƙunƙuni, na ja kujera. Ban ma sha wahala ba, CV ɗin Ishaku na buɗe, na goge sunan da ke sama na sa na ƙanena, na canza ranar haihuwa, na toshe ramin shekara biyu. Hanyoyin da ya lissafa mini da bakinsa, da rage iskar taya, da gyaran inji, duk na bar su inda suke. Barbarcin da Fulatancin kawai na cire, don kar a yi wa Ammar magana ya yi tsuru-tsuru. Baba ya sa hannu, ya hura tambari ya danna, suka tafi.

Injin nan nawa ya maƙale a kofe na biyu, ban kula ba. Da Ishaku ya dawo da azahar na tura tasa takardar, sai injin ya fara amayo wadda ya haɗiye. Shi ke kusa, shi ya ɗauka. Na ga idonsa ya tsaya a sama, ya gangara a hankali har ƙasa, ya koma sama. Na rasa inda zan sa fuskata. Na fara cewa Baba ne, sai ya ɗaga mini hannu.

“Nan an yi kuskure,” ya ce, ya ɗora yatsa a kan takardar shaidar. “Ba 2013 aka sayi motar ba, 2012 ne, shekarar da ruwa ya ci gonakin bakin kogi. Ki gyara mishi. Za su iya tambaya.”

Da ya zage ni da na samu abin riƙewa. Ya ajiye takardar a gabana, ya ɗauki tasa ya sa a ambulan, ya tsaya a ƙofa.

“Ni ma gobe zan kai nawa. Ba na roƙonki komai, Mansura. In sun kira, abin da kika sani kawai.”

Na ce masa in Allah ya yarda. Kuma har ga Allah a lokacin da gaske nake.

Bayan sati biyu aka kira mutum biyar gwaji, su biyun suna ciki. Aka kai su bayan gari inda yashi yake da zurfi. Labarin ya riga su dawowa gida: Ishaku ya sauka ya rage iskar taya, ya wuce kamar a kan kwalta, Ammar kuwa ya binne mota har sai da aka turo. Inna ta ce ai motar ce ba irin wadda ya saba ba. Amma Ammar ya dawo da wani labarin da ya fi wannan tayar wa Baba hankali. Ya ce matar da ke duba dosiye ta ajiye takardunsu biyu gefe da gefe, ta tambaye su yadda aka yi mutum biyu suka tuƙa mota ɗaya, shekaru ɗaya, hanya ɗaya, har da jimla iri ɗaya. Ta ce za ta bincika.

Baba bai taɓa zama a shagona ya wuce minti goma ba. Kwana biyu ya yi yana zuwa tun safe, ya zauna a benci da carbi, wai iskar wurin ta fi ta kanti. Bai yi mini tsawa ba, bai ce in yi ƙarya ba. Sau ɗaya kawai, yana kallon titi, ya ce shi ya tsufa, ciwon sukari ba zai bar shi ya yi wata guda a kaso ba. Ya ce kuma an gaya masa takardar bogi, da wanda ya sa hannu da wanda ya kai da wanda ya buga duk layi ɗaya ake jera su. Daga nan ya ci gaba da jan carbinsa.

A rana ta biyu wajen ƙarfe sha ɗaya waya ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Macen ta ce sunanta Madam Rashida, daga proje take kira, ta tambaya ko ni ce Mansura ƴar Alhaji Tahiru. Muryarta a gajiye take amma da ladabi. Ta ce ba za ta ɓoye mini ba, wanda ya yi musu gwaji Ishaku yake so, kuma maganar kaziye ba matsala ba ce tun da shi ya faɗa da bakinsa. Amma ɗayan yana da shaida mai tambari, shi ba shi da ita, kuma ba za su ɗauki wanda ya yi ƙarya a dosiye ba, ko wane ne.

“Shi ya ba da lambarki, ya ce ke kin sani. Madam, wa ya tuƙa motar nan shekara bakwai?”

Carbin Baba ya tsaya. Bai dube ni ba. Na tuna kaso, ban taɓa shiga ba amma na sha tsayawa a ƙofarsa da kwanon abinci, na san warin wurin.

“Ammar ne,” na ce.

Ta ce, “To shi Ishaku fa?”

“Yana raka shi wani lokaci. Yana taya shi sauke kaya.”

Wannan ƙarin babu wanda ya sa ni. Baba bai nema ba, matar ma da na ce ban sani ba da ta ƙyale ni. Hannuna ne da ya saba gyara labari ya zauna daidai, wannan karon bakina ya yi aikin. Ta ce ta gode, ta ce abin ya ba ta mamaki don mutumin bai yi mata kama da maƙaryaci ba, ta kashe. Baba ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya ce Allah ya yi mini albarka. Ban taɓa jin albarkar da ta yi mini nauyi irin wannan ba. Da ya fita na rufe shago na shiga bayan labule na zauna a ƙasa.

Ammar aka ba aikin, tun da cikin sauran ukun babu mai shekarun tuƙin da ake nema. Aka yi waina aka raba. Sati biyar ya yi ya ajiye, ya ce hanyar Yebi tana karya masa baya, kuma shi ba zai je a harbe shi a kan buhun shinkafar wani ba. Baba ya yi faɗa kwana biyu ya haƙura. Suka ɗauko direba daga wani gari.

Ishaku kuwa abin bai tsaya a proje ɗaya ba. Masu ɗaukar ma'aikata a garin nan sun san juna, wuri ɗaya suke cin abincin rana. Da ɗan kaso ne kawai, yanzu ya zama ɗan kaso mai satar CV ɗin ɗan'uwansa. Inda a da ake karɓar ambulan ɗinsa a ce za a kira, yanzu mai gadi ke mayar da shi tun daga ƙofa. Mahaifin Yakaka ya aiko cewa ya ji abin da ya faru, ya yi haƙuri da kaso don ƙaddara ce, amma ƙarya hali ce, yana so a zauna a yi magana. A gida kuwa Inna ta ce ita dama ta san proje ba sa ɗaukar irinsu, an dai wahalar da yaro a banza.

Kwana ashirin ina kauce masa. In zan fita sai na leƙa zaure tukuna. Ran nan da safe ina cikin aiki na ji sallamarsa. Ya rame, yana riƙe da jakar leda mai ɗauke da kayansa. Ya ce ya samu wani mai gonar tattasai wajen Assaga da ke neman mai kula da injin ban-ruwa, can zai koma da zama. Bai tambaye ni abin da na ce a waya ba, matar ta riga ta gaya masa kalma da kalma. Na fara kuka ina cewa ya yafe mini, ya ce in bari, mutane na wucewa.

Ya ce in buɗe CV ɗinsa. Na buɗe.

“Ki goge shekara bakwai ɗin nan.”

Na ce Yaya ai naka ne, kowa ya san naka ne.

“Wa ya sani?” ya ce. Ba da faɗa ya faɗa ba, tambaya ce kawai, kuma ya jira amsa. Sannan ya ce, “Duk inda na kai su yanzu cewa za a yi na sata. Ki goge.”

Na shafa layukan suka yi baƙi, na danna. Hanyoyin suka tafi, da iskar taya, da gyaran inji. Abin da ya rage bai kai rabin shafi ba: suna, ranar haihuwa, kolej aji uku, lambar permi. Ya ce in cire lambar wayata ma daga ƙasa. Injin bai yi gardama ba ranar. Ya karɓi takardar ya duba, mutum mai shekara talatin da shida wanda bai taɓa yin komai ba sai zaman kaso. Ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu, ya ce in gaida Inna, bai samu ya yi mata sallama ba.

Alƙali shekara biyu da wata huɗu ya yanke masa, a kan laifin da ba nasa ba, kuma ya yi su ya gama, aka buɗe masa ƙofa. Bakwai ɗin nan mu muka yanke, a cikin gida, ba lauya ba shaida, kuma babu ranar fita. Har yau a unguwa ana cewa Alhaji Tahiru mutumin kirki ne, ya riƙe maraya ya aurar da shi, yaron ne dai bai yi sa'a ba. In ana faɗa a gabana nakan gyaɗa kai. Na san gidaje da yawa a garin nan da ke da nasu Ishakun a shagon zaure, wanda ya ɗauki kayan gida a kansa, ya dawo aka ɓoye makulli. Da ina ganin laifin masu buro da ke juya shafi na ƙarshe su ce za su kira. Su aƙalla ba su san shi ba.

Lambar Madam Rashida tana nan a wayata, wata goma sha ɗaya ke nan. Na san abin da zan ce mata, bai wuce jimla biyu ba. Jiya ma na buɗe ta ina kallo, sai wani ya shigo da takardar neman fili, na kife wayar a kan tebur na ce masa ya zauna.